Baƙuwa Daga Kano a Gidan Manomi a Mayo: Nazarin Kwana Biyu

Ɗalibar da masu masaukinta

Ɗalibar da wannan nazari ya shafa 'yar Kano ce, Musulma, shekarunta 24. Ta je Jamhuriyar Ailan karatun zango ɗaya a fannin lafiyar al'umma, ta sauka a birnin Galway da ke gaɓar yammacin ƙasar a farkon watan Satumba. An sakaya sunanta da na makarantar da ta je a Galway da na iyalin da suka sauke ta.

Ofishin da ke kula da ɗaliban waje a makarantar yakan shirya wa mai so kwana biyu a gidan wani iyali a karkara, daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi. Manufar ita ce ɗalibi ya fita daga ɗakunan kwanan ɗalibai, inda kusan kowa baƙo ne irinsa, ya ga yadda 'yan ƙasa ke zama a gidajensu. Ita an tura ta gundumar Mayo, wata gona da ke wajen garin Kiltimagh, a tsakiyar watan Nuwamba.

Mutum huɗu ne a gidan. Maigida ya haura hamsin, yana kiwon shanu da tumaki. Uwargida tana aiki rabin yini a wani kantin magani. Akwai 'yarsu mai shekara 16, sai mahaifin maigidan, tsoho wanda ya wuce tamanin amma har lokacin yana fita wurin dabbobi. Babban ɗansu yana aiki a Ostareliya, kuma tafiyarsa ce ta sa uwargidan ta ba da sunan gidansu a shirin. Ta ce in wani ya ciyar da nata a can, ita ma ta ciyar da na wani a nan. Mayo ƙasa ce da ta saba da rabuwa da 'ya'yanta. A ƙidayar 1841 mutanen gundumar sun kusa 389,000. Babbar yunwar da ta biyo bayan lalacewar dankali daga 1845 zuwa 1852, da ƙaurar da ba ta tsaya ba tun daga nan, sun rage su har ƙidayar 2022 ta sami kimanin 138,000 kawai. Da wuya ka shiga gida a yankin ba ka ji akwai wani a Ingila ko Amurka ko Ostareliya ba.

Mako biyu kafin tafiya: cike fom

Fom ɗin shirin shafi ɗaya ne. Akwai gurbin suna, shekaru, ƙasa, makarantun da aka yi, abin sha'awa, sai gurbi ɗaya da ya haɗa rashin lafiya da abincin da jiki ba ya karɓa. Babu tambaya kan addini. A gurbin abinci ɗalibar ta rubuta cewa ba ta da matsala. Ta ɗauka ana nufin irin waɗanda gyaɗa ko madara ke tayar wa ciwo, ita kuwa lafiyarta ƙalau. Akwai dalili na biyu wanda ya fi na farko nauyi a ranta: mutanen da za su karɓe ta saboda Allah, ba ta ga yadda za ta aika musu da sharaɗi tun kafin su ga fuskarta ba. Tarbiyyar da ta taso da ita ke nan, baƙo ba ya zaɓen tuwo.

A gurbin makaranta ta rubuta sakandaren St Louis ta Kano. Wannan ne ya sa aka haɗa ta da wannan iyali, domin uwargidan ita ma St Louis ta yi, ta Kiltimagh. Ƙungiyar sistocin da suka kafa makarantun biyu ɗaya ce: ta samo asali a Faransa, ta shiga Ailan ta garin Monaghan a 1859, ta isa Kiltimagh a ƙarshen ƙarni na 19, ta kuma isa Kano a 1948. A Kano kowa ya san 'ya'yan Musulmi suna karatu a wannan makaranta. A Mayo kuwa, matar da ta taso tana jin labarin sistocin da suka tafi aikin mishan a Najeriya, da ta ga sunan makarantar sai ta yanke cewa 'yar Katolika ce za ta zo mata. Ta yi cefane a kan haka, ta kuma sa zuwa coci da yammacin Asabar a cikin shirin. Babu wanda ya kira wani a waya kafin ranar. Ofishin ya tura wa kowane ɓangare lambar ɗayan da lokacin motar bas, shi ke nan.

Juma'a da yamma

Ta ci abincin rana da misalin ƙarfe 12 a Galway, ta yi la'asar, ta shiga bas da ƙarfe 3:30. Motar ta bi ta Tuam ta sauke ta a Claremorris wajen ƙarfe 5. A tsakiyar Nuwamba rana na faɗuwa a wannan yanki da misalin 4:30, don haka cikin duhu da yayyafi ta sauka.

Maigidan da 'yarsa suka zo ɗaukarta. Ya miƙa mata hannu. Ta ɗora nata a ƙirji, ta russuna, ta gaishe shi idonta a ƙasa. Ya mayar da hannun aljihu. Kafin su isa gida yarinyar ta tura wa mahaifiyarta saƙo cewa baƙuwar sanye take da hijabi, amma a lokacin tukunya ta yi awa biyu a kan murhu.

Abin da aka dafa shi ne abincin da mutanen yammacin Ailan ke tarbar baƙo da shi: naman alade mai gishiri, da kabeji, da dankali. Yunƙurin farko na uwargidan shi ne ta kawar da naman daga gaban baƙuwar ba tare da ta ce komai ba, ta cika mata faranti da kabeji da dankali. Sai dai a wannan girki cikin ruwan naman ake dafa kabejin, nan ne ɗanɗanonsa yake. Ɗalibar ta ji ƙanshin ta gane. Ta ci dankali biyu, waɗanda aka dafa daban da ɓawonsu, ta ce ta ƙoshi.

Uwargidan ta sake miƙawa, ta kuma sakewa. A al'adarsu “a'a” ta farko ladabi ce, ana tayi sau uku ko huɗu kafin a yarda mutum da gaske yake. Ɗalibar ma haka ta sani daga gida. Saboda haka “na ƙoshi” ɗinta bai gaya wa kowa komai ba: uwargidan ta ɗauke shi kunya, ta ƙara matsawa, ita kuma ta ƙara noƙewa.

Ba naman kaɗai ya riƙe mata hannu ba. A gidansu a Kano, in baƙo ya zo, ɗaki ake kai masa abinci a rufe, a ja masa ƙofa, ya ci yadda ransa ke so ba ido a kansa. A nan kuwa teburin kicin shi ne zauren gida, shi ne falo, a kansa ake karamcin gaba ɗaya, ana ci ana hira ana kallon juna. An zaunar da ita tana fuskantar maigidan, mutumin da yake sa'an mahaifinta, abin da ba ta taɓa yi ba. Sun kuma roƙe ta ta riƙa kiran su da sunayensu kai tsaye, bakinta ya kasa, sai ta daina kiran kowa. Ga kuma karen kiwon tumaki kwance a ƙarƙashin teburin. Ta san a mazhabar Malikiyya da ta taso a kai ba a ɗaukar jikin kare mai rai najasa, amma sanin hukunci bai cire tsoron da ta girma da shi ba. Ta naɗe ƙafafunta a jikin kujera har aka tashi.

Magariba ta riga ta wuce mata a hanya, isha ta shiga. Ta ce tana so ta shiga ɗaki, ba ta faɗi dalili ba, ba ta kuma sake fitowa ba. Ɗumin gidan a kicin yake, wurin murhun da ake ƙona busasshiyar ƙasar fadama, wadda suke yankawa kamar tubali. Hitar ɗakunan kwana kuwa tana mutuwa da kanta in dare ya yi. An shimfiɗa mata bargo mai aiki da lantarki a ƙarƙashin zanin gado, ba ta san da shi ba, ta kwana cikin rigar sanyi. Banɗakin babu buta, ta yi amfani da gorar ruwan da ta zo da ita.

A kicin mutanen gidan suka yi shawara. Suka tsayar cewa kada wanda ya taɓo maganar addini, don kada ta ji kamar ana tuhumarta, kuma a bar zancen coci. Tsohon bai sa baki ba, ya riga ya kwanta.

Asabar da safe

Ta yi asuba da misalin 6:15, ta zauna a ɗaki har gari ya waye wajen ƙarfe 8. Karin kumallon da aka tanada shi ne wanda suke alfahari da shi a ƙarshen mako: soyayyen naman alade yanka-yanka, da niƙaƙƙensa da ake ɗurawa a hanji, da wani baƙin abu da ake haɗawa da jini da hatsi, da ƙwai. Uwargidan ta soya na mutanen gida, sannan ta fasa wa baƙuwar ƙwai biyu ita kaɗai. A kaskon nan dai ta soya su, cikin man da naman ya bari. A ganinta ta raba abincin. Ɗalibar tana tsaye tana kallo. Ta ɗauki yankan burodin gida da shayi, ta ce ba ta saba cin ƙwai da safe ba, wanda ba gaskiya ba ne.

Daga nan kowane ɓangare ya nemi agaji a waje. Uwargidan ta tura saƙo zuwa lambar da ofishin ya bayar, ta ce yarinyar ba ta ci, ba ta magana, kullum tana ɗaki. Amsar da ta zo ita ce wataƙila kewar gida ce, a ba ta sarari. Suka bi shawarar, suka daina ƙwanƙwasa mata ƙofa. Ita kuma da ta ji shiru sai ta ɗauka sun gaji da ita. Ta tura wa wata 'yar Najeriya da ta girme ta a Galway saƙo, ta ce: “Yaya, don Allah duba mini ko akwai mota yau da yamma.” Ta shirya cewa za ta ce kanta ke ciwo. Kan ma da gaske ya fara ciwon.

Uwargidan ta shiga mota ta tafi Claremorris, ta sayo kaza a babban kanti.

Asabar, ƙarfe 1 na rana

Manoman yankin da rana suke cin babban abincinsu. Aka gasa kazar, aka haɗa da karas da dankali, babu ko ƙanshin alade a kicin ɗin. Wannan ne yunƙuri na uku, kuma shi uwargidan ta fi sa rai a kansa.

Kazar ba yankan Musulmi ba ce. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan nama: akwai masu halatta shi bisa aya ta 5 a Suratul Ma'ida da ta yi magana kan abincin Ahlul Kitabi, akwai masu nisantarsa saboda yadda mayankan zamani ke sumar da dabba da rashin tabbacin ambaton sunan Allah. Ɗalibar tun zuwanta ƙasar ta tsaya a kan ra'ayi na biyu, a shagunan halal na Galway kaɗai take sayen nama. Ta ci karas da dankali kaɗan, ta bar cinyar kazar yadda aka sa mata. Uwargidan ta tashi daga teburin ta fita bayan gida, ta jima ba ta dawo ba. A lokacin awa 25 ke nan rabon ɗalibar da cikakken abinci.

Lokutan salla su ma sun taimaka wajen dagula fahimta. A wannan wata azahar na shiga wajen 12:20, la'asar wajen 2:20, magariba wajen 4:35, isha wajen 6:30. Salla huɗu ke nan cikin awa shida, kowace da alwalarta. A idon mutanen da ba a gaya musu ba, yarinya ce da ba ta iya zama da su awa biyu ba tare da ta gudu ɗaki ba.

Asabar, bayan la'asar: rumfar shanu

Ciwon kan ya sa ta fita shan iska. A wannan lokaci na shekara an riga an shigar da shanu rumfa saboda ruwa da sanyi, ana ba su ciyawar da aka adana tun bazara. Ta tarar da tsohon shi kaɗai yana tura musu ciyawar. Ta durƙusa ta yi masa sannu da aiki, sannan ta faɗi abin da ke bakinta tun da ta hango dabbobin ta taga, cewa shanun nan ba tozo ba ƙaho. Kakanta na wajen uwa dillalin shanu ne a kasuwar Wudil, wadda ke ci ranar Juma'a, kuma ta taso tana jin cinikinsu. Tsohon ya sa ta ƙiyasta kuɗin wani maraƙi, ta faɗa, ya ce da ita ce ke saye a gwanjon shanu na garin Balla da ya yi arziki tun yana saurayi. Ya ƙara da cewa in ta ci gaba da cin abinci irin na tsuntsu iskar Mayo za ta mayar da ita Afirka ba kuɗin jirgi. Ta ce ai shi ma ba ta ga wata ƙiba a jikinsa ba. Wannan ce dariyarta ta farko a gidan.

Sai ya jingina da ƙarfen rumfar ya ce: “'Yar nan, gaya mini gaskiya. Aladen ne, ko yankan ne?”

Ta ce: “Duka biyun ne, Kaka.”

Yadda ya san tambayar da zai yi yana da tarihi. Kimanin kilomita 20 daga gonar akwai garin Ballyhaunis, inda wani ɗan kasuwa ɗan asalin Pakistan, Sher Rafique, ya gudanar da babbar mayankar halal tun shekarun 1970, yana fitar da nama zuwa ƙasashen Musulmi. Mahauta da iyalansu suka zo daga Pakistan da ƙasashen Larabawa, aka gina masallaci a ƙarshen shekarun 1980, wanda shi ne na farko a ƙasar da aka gina tun daga tushe a matsayin masallaci. Kamfanin ya durƙushe a farkon shekarun 1990, amma Musulmin garin suna nan, kuma yau fiye da kashi ɗaya cikin uku na mazauna Ballyhaunis ba 'yan asalin ƙasar ba ne. Tsohon ya shekara da shekaru yana kai raguna wannan mayanka. A wurinsa halal maganar ciniki ce da ya saba da ita, irin ta nauyi da farashi, ba ya jin nauyin ambatonta.

Da ta fara sai ta kasa tsayawa. Ta gaya masa maganar ruwan kabejin da kaskon ƙwai, da karen, da lokutan salla, da sanyin ɗaki, da motar da take shirin bi. Bai ba ta haƙuri ba, bai kuma yi mata nasiha ba. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce ta biyo shi. A kicin ya zayyana komai a gaban kowa cikin minti biyu, ya ƙare da cewa a nuna wa yarinyar nan inda ake kunna bargo kafin ta daskare musu a gida.

Uwargidan ta ce: “Haba 'yata, me ya hana ki faɗa?” Ɗalibar ba ta iya amsawa ba. Uwargidan ta ce ita ma ai ba ta tambaya ba, ta ɗauki makullin mota.

Asabar da yamma: Ballyhaunis da tukunya

Su uku suka tafi da misalin 3:10, uwargidan da 'yarta da baƙuwar. A motar ne aka yi hirar St Louis da ya kamata a yi tun mako biyu baya, ta kayan makaranta da tsananin sistoci kan tsafta da kiyaye lokaci. Hanyar ta bi ta Knock, wurin ziyarar Katolika inda mutum 15 suka ce sun ga Maryam a 1879, wanda Paparoma John Paul na II ya ziyarta a 1979. Uwargidan ta yi jinkiri kafin ta faɗi mene ne wurin. Ɗalibar ta gaya mata cewa akwai sura guda a Alƙur'ani, ta 19, mai sunan Maryam, kuma mata da yawa a danginsu sunan suke amsawa. Uwargidan ba ta taɓa jin haka ba.

A wani shagon halal suka sayi naman rago kilo biyu, da shinkafa, da tattasai da attaruhu. Sun dawo ana gab da magariba. Yarinyar gidan ta karɓi lokutan salla daga wayar baƙuwar ta rubuta a takarda ta manna a jikin firij, ta kuma taya ta duba alƙibla, wadda daga can take kudu maso gabas. Aka samo mata ƙaramin jug na roba aka ajiye a banɗaki. Aka tsayar cewa kare zai zauna a baranda lokacin cin abinci, ƙofar ɗakinta kuma a rufe.

Ɗalibar ta wanke tukunya da kanta ta ɗora dafa-duka, ta fito da yajin da ke cikin jakarta. Uwargidan ta yanka albasa tana tambaya kan kowane mataki. Da ƙarfe 7 aka zauna, wannan karon an sa ta tsakanin tsohon da yarinyar, maigidan yana can gefe. Ta ci faranti biyu, awa 31 bayan abincinta na Galway. Yaji ya fi ƙarfin maigidan, ya haɗa da madara kofi guda. Bayan an tashi ta ɗauko jakar fata da ta sayo a kasuwar Kurmi, tsarabar da ta kasa miƙawa tun Juma'a, ta ba uwargidan. Ta kuma tura saƙo Galway cewa a bar maganar mota.

Lahadi

Da safe aka dama kunun hatsin da suke sha da madara, aka soya ƙwai a wankakken kasko. Uwargidan ta gaya mata kai tsaye cewa za su coci, daga nan su wuce maƙabarta, domin Nuwamba wata ne da Katolika ke tunawa da mamatansu. Ta tambaye ta ko za ta bi su. Ɗalibar ta ce za ta zauna, ta bayyana cewa a garinsu mata ba su cika zuwa maƙabarta ba. Babu wanda ya ji wani abu. Suka tafi, ta wanke kwanuka ta yi karatunta.

Da rana aka dafa ragowar ragon da dankali da albasa, irin girkinsu. Maigidan ya mayar da ita Claremorris da yamma. A tashar ya tsaya hannayensa biyu a aljihu, ya yi mata fatan sauka lafiya yana kallon motar. Tun Juma'a maganar da ta shiga tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa ba, kuma babu wanda ya taɓo batun hannun da ya miƙa.

Bayan an rabu

Uwargidan da ɗalibar sun ci gaba da magana ta waya. Ta sake zuwa gonar sau ɗaya a watan Disamba bayan jarrabawa, ta yi yini guda, kafin ta koma Kano. Tsoron karen bai bar ta ba. Maigidan ya saki jiki kaɗan a zuwa na biyu, bayan 'yarsa ta bayyana masa cewa ƙin musafaha ba raini ba ne, amma bai kai ga hira da ita ba. Uwargidan ta rubuta wa ofishin tana neman a ƙara tambaya kan abincin da addini ya hana, a kuma sa iyali su kira ɗalibi kafin ranar zuwa. An amsa mata cewa za a duba. Da aka turo musu wani ɗalibi a zango na gaba, ita da kanta ta kira shi kwana uku kafin zuwansa ta tambaye shi me yake ci da me ba ya ci.

Abin da ya gaza, abin da ya yi aiki, da dalili

Cire nama daga faranti, da ƙwai, da kaza, duk gyara ne da aka yi bisa zato. Kowannensu ya matso kusa da gaskiya fiye da na bayansa, kuma kowannensu ya ci kuɗi da wahala da kyakkyawar niyya, amma babu wanda zai iya isa, domin abin da ya rage a sani ƙanana ne da ba a gano su da tunani: ruwan da aka dafa ganye, man da ya saura a kasko, hannun da ya yanka. Shawarar a ba ta sarari ita ce mafi illa, don ta rufe ɗan abin da ya rage a buɗe.

Abin da ya sa shirun ya daɗe shi ne ɓangarorin biyu sun yi kama fiye da yadda suke zato. Da a ce ɗaya daga cikinsu mai faɗin magana gatsal ne, da an gama tun daren Juma'a. Amma Bahaushiya mai kunya ta haɗu da mutanen karkarar Ailan masu tsoron ɓata wa baƙo rai, kowa yana kare mutuncin ɗan'uwansa ta hanyar yin shiru, kowa kuma yana fassara shirun ɗayan da ƙi.

Tsohon ya yi nasara saboda abu biyu sun haɗu a kansa. Yana da sani daga mayankar Ballyhaunis, don haka tambayarsa ta sauka daidai, amsarta ba ta buƙaci dogon bayani ba. Na biyu shi ne matsayinsa. A tarbiyyar Bahaushe kunya tana kan iyaye da sa'o'insu, kaka kuwa abokin wasa ne, ana zolayarsa ana gaya masa abin da ba a iya gaya wa uba. Shi bai san da wannan ba, ya dai yi irin tsokanar da tsofaffin ƙasarsu ke yi, ta kuwa faɗa daidai gurbin da yarinyar ta sani tun tana ƙarama. A duk gidan shi kaɗai ne mutumin da al'adarta ta ba ta izinin yi wa magana ba sakaye. Wurin ma ya taimaka: a tsaye suke, suna kallon shanu, babu faranti a tsakaninsu.

A ganina nauyi mafi girma yana kan masu shirya tafiyar. Ƙidayar 2022 ta nuna Musulmi kusan 82,000 a ƙasar, kuma makarantun da ke karɓar ɗalibai daga Najeriya da ƙasashen Larabawa da Asiya ba su da uzurin haɗa haramcin addini da rashin lafiya a gurbi ɗaya. Ɗalibar ma tana da nata kason. Kunyarta abu ne mai daraja, ba na so ta rabu da ita, amma gaya wa mai masauki abin da Allah ya hana ka ci ba zaɓen tuwo ba ne, taimako ne ga wanda zai kashe kuɗinsa ya tsaya a gaban murhu dominka. Ƙaryar ƙwan da ta yi don kare zuciyar uwargidan ita ce ta kai matar Claremorris, ta kuma fitar da ita bayan gida da rana.

Abin da ke damuna a lamarin shi ne yawan sa'ar da ke cikinsa. Ba kowane gida ke da tsohon da ya sayar wa mayankar halal raguna ba, ba kowace gona ke da shagon halal a tafiyar rabin awa ba. Da an tura ta wani ƙauye a can bakin teku, ko da ruwan sama ya hana ta fita bayan la'asar, da ta bi motar yammacin Asabar da ciwon kai, iyalin kuma su cire sunansu daga shirin suna ganin sun gaza. Har lokacin da ta bar ƙasar, fom ɗin yana nan yadda ta cike shi.